Wa Zai Biya Kuɗin Sa Ido Kan Gonakin Kifi?

Wa ya kamata ya biya albashin jami'in da ke zuwa duba gonar kifi, da man jirgin ruwan da zai kai shi, da kuɗin gwajin da za a yi a ɗakin bincike? Mai gonar ne, tunda shi ke cin riba, ko kuwa baitulmali, tunda tsabtar ruwa da lafiyar abinci haƙƙin kowa ne? Tambayar ta daɗe tana yawo a ƙasashen da kiwon kifi ya zama babbar sana'a. Ta ƙara zafi a Norwe tun daga watan Satumba na 2022, lokacin da gwamnati ta kawo shawarar ɗora wa masu kiwon kifin salmon sabon haraji na kashi 40 cikin 100. Sai da aka kai ruwa rana kafin majalisar dokoki ta amince da kashi 25 a ƙarshen watan Mayu na 2023.

A cikin wannan hayaniya mutane da yawa sun ɗauka cewa tunda kamfanoni suna zuba biliyoyi a asusun gwamnati, to maganar kuɗin sa ido ta ƙare. Ba haka abin yake ba. Kuɗin da ya fita daga hannun mai gona daban, wanda ya isa teburin jami'in dubawa daban.

Me ake dubawa, har yake cin kuɗi haka?

Gonar salmon a Norwe ba kududdufi ba ce. Manyan keji ne na raga da ake kafawa cikin teku, a mashigan ruwan da suka ratsa tsakanin duwatsu. Doka ta yarda a zuba kifi har 200,000 a keji ɗaya, muddin nauyinsu bai wuce kilo 25 a cikin kowace lita 1,000 ta ruwa ba. Lasisi ɗaya yana ba da damar riƙe tan 780 na kifi mai rai a lokaci guda, a can arewa kuwa, yankunan Troms da Finnmark, tan 945, saboda sanyin ruwa yana rage saurin girma. Ruwan da ya shiga keji shi ne ke fita. Kashin kifi, ragowar abinci, magani, ƙwayar cuta, duk igiyar ruwa tana kwasarsu ta kai wa maƙwabci.

Abin da ya fi hana kowa barci shi ne kwarkwatar teku, wata 'yar halitta da ke maƙalewa a jikin kifi tana cin yauƙinsa da fatarsa har ta bar masa gyambo. Ƙa'ida ita ce manyan matan kwarkwata kada su kai 0.5 a kan kowane kifi, wato guda ɗaya a kifi biyu. A makonnin da 'ya'yan salmon na kogi ke gangarowa teku kuwa, iyakar tana sauka zuwa 0.2, domin ƙaramin kifi ba ya jure kwarkwata ko kaɗan. Ma'aikatan gonar ne ke yin ƙirgar kowane mako idan ɗumin ruwa ya kai digiri 4 a ma'aunin Celsius. Sukan kamo kifi daga kowane keji, su sa shi a ruwan maganin sa barci, su ƙirga, su aika wa hukumar Mattilsynet mai kula da lafiyar abinci da ta dabbobi.

Akwai kuma duba ƙasan ruwa. Ana zura wani ƙarfe mai baki biyu ya damƙo laka daga ƙarƙashin keji, a duba launinta da warinta, ko tana fitar da kumfar iska, ko akwai sauran tsutsotsi masu rai a cikinta. Sai a ba wurin maki daga 1 zuwa 4. Laka baƙa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai alama ce cewa datti ya fi ƙarfin wurin. Bayan an kwashe kifi kuma dole a bar wurin ya huta aƙalla wata biyu kafin a zuba sabo.

A lura da wani abu a nan. Yawancin wannan aiki mai gona ne ke yinsa, ko kamfanin da ya ɗauko ya biya. Aikin gwamnati shi ne ta tabbatar ba a ba kura ajiyar nama ba: ta yi zuwan ba-zata, ta sake ƙirgawa da kanta, ta ɗauki nata samfurin. Wannan yana buƙatar likitocin dabbobi da masana lafiyar kifi, waɗanda kamfanoni ke iya ba su albashin da ya fi na gwamnati, da jiragen ruwa, da ɗakunan gwaji. Sannan tun 2017 an raba gaɓar tekun ƙasar zuwa yankuna 13, ana ba kowane yanki launi irin na fitilar hanya duk bayan shekara biyu. Inda aka ƙiyasta kwarkwata tana kashe ƙasa da kashi 10 na 'ya'yan salmon na kogi, kore ne, an yarda a ƙara kiwo da kashi 6. Inda ta wuce kashi 30, ja ne, a rage kashi 6. Wannan hukunci mai nauyin biliyoyi ya rataya ne a kan binciken masana, ciki har da na Cibiyar Binciken Teku da ke Bergen, kuma binciken ma kuɗi yake ci.

Duk da wannan tsari, a 2023 salmon miliyan 62.8 ne suka mutu cikin keji kafin a kai ga yanka su, kashi 16.7 ke nan, bisa ƙididdigar Cibiyar Likitancin Dabbobi ta ƙasar. A watan Yuni na shekarar ofishin babban mai binciken kuɗi ya fitar da rahoto yana sukar yadda hukumomi ke kula da lafiyar kifin kiwo. A wannan shekara ɗin dai Norwe ta fitar da salmon na sama da biliyan 122 na kurona, kuɗin ƙasar. Ke nan yawan kuɗi a sana'a ba shi ke nuna sa ido ya wadata ba.

Kuɗi iri-iri da ake cakuɗawa

Na farko shi ne kuɗin sa ido na ainihi. Ma'auninsa ɗaya ne: nawa aikin dubawar ya ci. A Norwe mai neman lasisi yana biyan kuɗin duba takardunsa, mai riƙe da lasisi kuma yana biyan na shekara-shekara domin sa ido. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 625 ta 2017 ta fayyace abin da ya halatta a lissafa a irin wannan kuɗi: albashin ma'aikata, kayan aiki, horo, tafiye-tafiye, ɗaukar samfuri da gwaji. Ta kuma ce idan laifin da aka kama mutum da shi ne ya sa dole a sake zuwa dubawa, shi zai biya kuɗin komawar. Idan abin da aka karɓa ya zarce abin da aka kashe, ya tashi daga kuɗin aiki ya koma haraji a fakaice.

Na biyu hayar ruwa ne. Teku ta jama'a ce, wanda ya killace wani yanki yana neman kuɗi ya hana wasu amfani da shi. Saboda haka a 2021 Norwe ta fara karɓar kurona 0.40 a kan kowane kilo na kifin da aka yanka, daga Yulin 2023 kuma ya koma 0.90. Wannan kuɗi, tare da wani kaso na abin da ake samu wajen gwanjon sabbin lasisi, yana bi ta asusun Havbruksfondet zuwa ƙananan hukumomi da lardunan da gonakin suke. Makaranta da hanya da gidan tsofaffi yake zama, ba jirgin jami'in dubawa ba.

Na uku shi ne harajin nan na kashi 25, wanda aka ɗora a kan harajin kamfanoni na kashi 22. Hujjarsa ita ce ƙarancin lasisi da kyawun ruwan ƙasar suna haifar da ribar da ta wuce ta sauran sana'o'i, kuma jama'a na da rabo a ciki. An yafe kurona miliyan 70 na farko domin a sassauta wa ƙananan kamfanoni. Baitulmali yake shiga, ya gauraya da sauran kuɗin ƙasa.

Akwai na huɗu da ba a cika ambatonsa ba, wato wanda ake karɓa don wani aiki takamaimai na sana'ar. Ana cire kashi 0.3 na darajar abincin tekun da aka fitar waje a zuba a asusun bincike na FHF. Tun 2015 kuma masu lasisi suna biyan ƙungiyar OURO, wadda ke ɗaukar nauyin kamo kifin kiwon da ya tsere ya shiga koguna, don kada ya gauraya iri da na kogin. Wannan na ƙarshe ya nuna yadda abin ke kyau idan an ɗaure kuɗi da aiki: an san ɓarnar, an san mai ita, an san inda kuɗin ya tafi.

Mai gona da ya ce "ai muna biya" gaskiya ya faɗa. Mai kare muhalli da ya ce "hukuma ba ta da isassun ma'aikata" shi ma yana iya zama mai gaskiya. Kowa da aljihun da yake magana a kai.

Hujjar masu cewa sana'a ta biya

Hujjarsu tana da ƙarfi. Wanda ya kawo haɗari shi ya kamata ya ɗauki nauyin tsaronsa. Babu dalilin da zai sa malamin makaranta da ke zaune nesa da teku ya biya kuɗin ƙirga kwarkwatar kamfanin da ke raba ribar biliyoyi. Sannan kasafin gwamnati yana tafiyar hawainiya, sana'a kuwa tana iya ninkawa cikin shekaru kaɗan. Idan kuɗin sa ido yana bin girman sana'ar, hukumar ma tana girma tare da ita.

Su kansu masu gonar kirki suna amfana. Gonar da ke bin ƙa'ida ba ta tsira daga cutar maƙwabcin da ba ya bi. Takardar lafiya da gwamnati ke sa wa hannu ita ce ke buɗe kasuwannin waje, kuma darajarta tana hannun ingancin hukumar da ta ba da ita.

Amma ba kowace ƙasa ce ta yarda da wannan ba. A Amurka dubawar yau da kullum da ma'aikatar noma ke yi a mayanka da wuraren sarrafa tarwaɗa daga kasafin ƙasa ake biya, kamfani yana biyan na ƙarin lokaci ne da ranakun hutu. Masu goyon bayan haka suna cewa jami'in lafiyar abinci ma'aikacin mai ci ne, ba na mai sayarwa ba.

In baki ya ci, ido kan ji kunya

Nan ne babban haɗarin yake, kuma ba sai an kai ga cin hanci ba. Hukumar da kashi mafi yawa na kuɗinta ke fitowa daga kamfanoni uku ko huɗu tana fara kallonsu a matsayin abokan ciniki. Kamfanonin suna fara neman a ba su kujera a wurin da ake tsara kasafin, da hujjar cewa kuɗinsu ne. Sai a ga aikin da suke so, kamar saurin sa hannu a lasisi, yana samun ma'aikata, aikin da ba sa so, kamar zuwan ba-zata, yana ƙanƙancewa. Idan kuma kuɗin yana bin yawan tan, jami'in da ya ba da umarnin kwashe kifi daga gona ya rage wa ofishinsa kuɗin shiga da hannunsa. Ba kowa ke da wannan ƙarfin zuciya ba, kuma bai kamata tsari ya dogara da shi ba.

Haɗari na biyu ya fi ɓoyuwa. Da zarar ma'aikatar kuɗi ta ga hukuma tana samun nata, sai ta janye abin da take ba ta. Jimillar ba ta ƙaru ba, mai biya ne kawai ya canza.

Na uku kuwa ƙasar Cile ce ta koya wa duniya shi. A watan Yuli na 2007 cutar ISA, mai lalata jinin salmon, ta ɓulla a yankin tsibirin Chiloé. Gonaki sun yi kusa da juna, ana shigo da ƙwan kifi daga waje, jirage suna yawo daga gona zuwa gona, maƙwabta ba sa hutar da ruwa a lokaci guda. Hukumar Sernapesca mai kula da harkar kifi ba ta da isassun ma'aikata ko cikakken ikon doka da za ta tare abin. Zuwa 2010 salmon ɗin Atlantika da ƙasar ke samarwa ya ragu da kusan kashi biyu bisa uku, dubban ma'aikata suka rasa abin yi. Sai bayan haka aka yi dokar 2010, wadda ta haɗa gonaki unguwa-unguwa don su riƙa zubawa da hutawa tare, ta ƙara wa hukumar iko, ta kuma ƙara kuɗin da ake biya a kan kowace hekta ta ruwa.

Darasin farko a bayyane yake: arhar sa ido tsada ce. Na biyun shi ne wanda masu tsara kuɗi ke mantawa. A ƙaddara kasafin hukuma gaba ɗaya yana bin tan ɗin da aka yanka. A shekarar annoba, lokacin da ake buƙatar gwaji da killacewa da binne matattun kifi fiye da kowane lokaci, kuɗin nata ma zai faɗi da kashi biyu bisa uku. Shi ya sa dole a samu wani tushe daga baitulmali, ko ajiya da aka tara a shekarun yalwa, wanda ba ya motsi da hawa da saukar kasuwa.

Yadda ake yanka kuɗin

Hanya mafi sauƙi ita ce kuɗi bai-ɗaya a kan kowane lasisi, kuma ita ce mafi rashin adalci. A ɗauki misali don lissafi kawai: an yanka naira 100,000 a shekara. Mai fitar da tan 100 ya biya naira 1 a kan kowane kilo. Mai fitar da tan 1 ya biya naira 100. Biyan kuɗi bisa yawan tan yana gyara wannan, sai dai yana sa mutum ya ɓoye adadin abin da ya samar, don haka yana aiki ne kawai inda akwai wurin da kifi ke bi dole a auna shi, kamar mayanka ko tashar fitarwa. Hanya ta uku ita ce bin haɗari: gonar da aka sha kamawa da laifi a ƙara mata ziyara, ta biya kuɗin kowace. A ganina haɗin na biyu da na uku ya fi, domin girma yana biyan tushe, sakaci yana biyan ƙari.

Hanyar da kuɗin ke bi ta fi adadinsa muhimmanci. Kada ya shiga hannun jami'in da ya je dubawa, kada ma ya shiga asusun sashensa kai tsaye. Ya bi ta baitulmali, majalisa ta ware wa hukumar kasafinta, a riƙa wallafa abin da aka karɓa da yawan ziyarar da aka yi kowace shekara. Masu biya suna da haƙƙin ganin lissafi da ƙalubalantar almubazzaranci. Ba su da haƙƙin zaɓen gonar da za a je ko ranar da za a je. Tara kuma kada ta zama abincin hukuma, in ba haka ba jami'i zai koma farautar ƙananan laifuffuka masu kawo kuɗi.

Yawan masu karɓa ma matsala ce. A Sikotilan gona ɗaya tana hulɗa da ƙaramar hukuma, da hukumar muhalli ta SEPA, da masu duba lafiyar kifi, da hukumar da ke ba da hayar ƙasan teku. Rahoton Farfesa Russel Griggs na Fabrairun 2022 ya ba da shawarar a koma biya guda ɗaya bisa tan ɗin da kowace gona ke fitarwa, wanda zai ɗauki nauyin hukumomin ya kuma amfani al'ummar wurin.

Wa ke biya a ƙarshe?

Kamfanoni kan ce duk abin da aka ɗora musu mai saye zai biya. A salmon ɗin Norwe wannan bai cika zama gaskiya ba. Kasuwar duniya ce ke yanka farashi, lasisi kuma ya riga ya ƙayyade yawan abin da za a samar, don haka yawancin nauyin a kan riba yake sauka. Kurona 0.90 a kan kilon da aka sayar kusan kurona 100 a 2023 bai kai kashi 1 ba. Inda riba take sirara kuwa, kamar ƙaramar gona mai sayarwa a kasuwar gida, kuɗin yana hawa kan mai saye, ko ya kori mai gonar, ko ya sa ya ɓuya daga hukuma gaba ɗaya. Wannan na ƙarshe ya fi muni, domin gonar da ba a san da ita ba babu mai jin labarin cutarta sai ta bazu.

Abin da ya shafi masu kiwon tarwaɗa

Najeriya ta riga ta ɗanɗani kuɗar wannan batu. A 2016 Amurka ta mayar da duba kifin dangin tarwaɗa hannun ma'aikatar noma, ta ce duk ƙasar da ke son kai mata kifi sai ta nuna cewa tsarin dubawarta ya yi daidai da nata. Najeriya ba ta cika sharuɗɗan takardun ba, daga Maris na 2018 aka rufe ƙofa ga tarwaɗarta, ciki har da wadda aka yi wa banda. Biyetnam da Sin da Tailan suka samu amincewa. Duk tsabtar wurin bandar mutum ba ta buɗe masa wannan ƙofa, saboda hukumar ƙasarsa ake aunawa, ba shi ba. A Gana kuma, ƙarshen 2018, wata cutar bairos ta kashe karfasa masu yawa a keji na Tafkin Volta, inda gonaki ke shan ruwa ɗaya kamar na Cile.

Wannan bai nuna a kwaso tsarin Norwe a dasa ba. Can kamfanoni kaɗan ne masu ɗimbin riba. A nan yawancin masu kiwo suna da tanki ɗaya ko biyu na siminti ko tamfol a bayan gida, abincin kifi yana cinye kusan kashi biyu bisa uku na jarinsu, ga masu karɓar haraji iri-iri da suka riga suka gajiyar da su. Irin waɗannan rajista kyauta ta dace da su, domin abin da hukuma ke buƙata daga gare su shi ne ta san inda suke, su kuma kira ta idan kifi ya fara mutuwa ba tare da tsoron rasit ba.

Wuraren da ya kamata a nemi kuɗi su ne inda sana'ar ta tsuke: masu ƙyanƙyasar 'ya'yan kifi, masana'antun abinci da masu shigo da shi, masu sarrafawa don fitarwa waje, da duk wanda zai kafa keji a madatsar ruwa irin Tiga ko Kainji, inda masunta ke kamu, makiyaya ke shayarwa, manoman rani ke jiran ruwa. Ba su da yawa, ana iya auna abin da suke fitarwa, kuma a hannunsu haɗarin ya fi taruwa. Wurin ƙyanƙyasa ɗaya mai cuta yana iya raba ta ga gonaki ɗari cikin wata guda. A madadin kuɗin, mai biya ya ga abin da ya saya: gwajin ragowar maganin kashe ƙwayoyin cuta a naman kifi, tabbatar da cewa sinadarin gina jiki da aka rubuta a buhun abinci shi ne a ciki, shaidar lafiyar 'ya'yan kifi kafin a sayar, da ɗakin gwajin da zai karɓi mataccen kifi yau ya ba da amsa tun sauran na cikin tankin suna da rai.